Jerin Gwanon Gwaggo

Da na dawo daga karatu, ban ɗauki yaren kwamfutar da Gwaggo ke aiki da shi a bakin komai ba. Babu kalmomi, sai alamomi kamar sawun kaji. Inda na yi karatu komai dalla-dalla ake rubuta shi, don haka na zaci wannan gajartawar burga ce kawai.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, a ofishin auna ruwan sama ta tsufa. Sanyin ƙashi ya kanannaɗe mata yatsu, manuniya biyu kaɗai ke iya dannawa. Sabon shugaban ofis ya sha ganinta zaune hannu a cinya, ya ce in rahoton tashoshin awon ruwa ya sake makara, sai ta koma gida ta huta.

Ranar miƙa rahoton na leƙa ta. Tana gindin fanka, ta ƙura wa allo ido.

"Matso, Bature," haka take kirana. "Da can sai in raɗa wa kowane lissafi suna, in yi ta maimaita shi. Da yatsu suka ƙi, na koyi jerin gwano."

Ta danna alamar tarawa, ta rabawa, ta ƙirgawa, a jere.

Na ce, "To, ina lambobin?"

"Ba ruwan jeri da su tukuna. In sun zo, ta hagu ta tara su, ta dama ta ƙirga su, ta tsakiya ta raba wannan da wancan. Matsakaici ke nan."

Magatakarda ya leƙo ta kafaɗarta. "Gwaggo, tun safe layi ɗaya? Ni na cika shafi."

"Kai wa matarka ta hura wuta da shi."

Ta ƙara wata alama don zazzaɓar tashoshin da suka aiko da awo, sai amsa ta fito a karkace. Ko a jikinta.

"Daga dama alamomin suke haɗa kai uku-uku. Baƙuwar nan ta ɓata musu sahu."

Ta killace ukun farko cikin baka biyu, tashoshi suka jeru daidai. Masinja ya ɗauki rahoton tun rana ba ta karkata ba. Shugaba ya karanta, ya aiko a tambaye ta ko za ta haɗa da na zafin rana.

Muna saukowa daga bene na ce, "Gwaggo, in yatsu biyun nan ma suka ƙi fa?"

"Sai in zauna in faɗa, wani ya danna. Ai dama kafin in ɗaga hannu na gama aikin."