Kunyar Ɗan Fari a Clinton

Maigidana bai taɓa kiran sunan babban ɗanmu ba. A garinmu wannan ba abin magana ba ne, haka kowa yake yi da ɗan fari. Ba ka faɗar sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka yabonsa. Kakanni da baffanni su ke cike gurbin, su goya shi, su tsokane shi, su saya masa alewa. To mu mun taho Amurka yaron bai ma shiga firamare ba, kakannin kuwa suna can gida.

Malam, haka nake kiran maigidan, yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Washington. Da sassafe yake fita, ya bar mota a tashar Metro ya hau jirgi. Ni ina gida a Clinton, wani gari kusa da Washington, a layin da za ki wuni ba ki ji sallamar kowa ba. Ban iya tuƙi ba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na yi shi, Turancina kuma bai wuce na sayen albasa ba. A cikin wannan shirun na ajiye tawa kunyar. Daga ni sai yaron a gida, wa zan yi wa kara? Na kira sunansa, na goya shi, na yi masa waƙa.

Malam bai ajiye tasa ba. In yana son ruwa sai ya ce da ni, "Ce wa yaron nan ya kawo ruwa," alhali yaron na zaune kusa da shi. Da muka haifi ƙanwarsa, ita kam har a wuya yake ɗora ta. Yaron yana kallo.

Haka na zama 'yar aike a cikin gidana. Uba ya faɗa mini, in kai wa ɗa. Ɗa ya amsa da Turanci, in juya shi Hausa, in rage masa zafi, in mayar wa uba. Shekara da shekaru ina wannan zirga-zirga tsakanin falo da ɗakin sama.

Bayan ya gama jami'a ya fara aiki, wata Asabar ya same ni a kicin ina tankaɗen garin tuwo. Ya tsaya yana ta juya cokali a hannu.

"Umma, akwai wata."

"Wata me? Wata mota?"

Ya yi dariya, ya rufe fuska da hannu. Rabon da in ga ya ji kunya irin ta gida har na manta.

Yarinyar 'yar wani likita ce a Mitchellville, wani gari kusa da mu, mutanen Kaduna. Da ya kawo ta gaishe ni, har ƙasa ta durƙusa, Hausarta na tuntuɓe amma ba ta fasa ba. Na lura in tana magana ba ya kallon komai sai ita. Ya cire mata ƙayar kifi a faranti a gabana, ko a jikinsa. Na kawar da kai, amma raina ya yi sanyi. Ni da Malam ba mu taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. Nasa son shi ne ya riga ni fita lokacin sanyi ya ɗumama mota kafin in shiga.

Na kai wa Malam maganar. Ya ce, "Gidan mutunci ne." Ya yi ta bincike a masallaci, ya sa aka ɗinko kaya daga gida. Duk wannan, yaron bai sani ba, don Malam ya hana ni faɗa.

Da aka sa ranar zuwa neman aure, Malam ya roƙi wani amininsa, Bazazzage mai tuƙa tasi, ya je a madadinsa. Haka ake yi, uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure da bakinsa, 'yan'uwansa ke zuwa. Da na gaya wa yaron, sai ya ajiye kofin da ke hannunsa a hankali.

"Mahaifinta ya ce yana ɗokin ganin Baba. Me zan ce masa?"

"Al'ada ce. Girmamawa ce."

"Umma, kullum haka kike cewa." Ya koma Turanci, amma na gane. Ya ce ya daina jira. In Baba bai zo ranar nan ba, zai ci gaba da gaishe shi kamar yadda ake gaida maƙwabci, shi ke nan.

Wannan saƙon ban kai shi ba. Ban san yadda zan rage masa zafi ba.

Ranar ta zo, Lahadi ce bayan azahar, ganyen itatuwa duk ya zube. Bazazzagen ya iso da babbar riga yana tsokana, "Ina angon? Ko ya gudu ne in karɓar wa kaina?" Suka tafi shi da yaron. Yaron bai leƙa falo ba.

Malam na zaune da carbi, talabijin a kashe. Na zauna a kujerar da ke nesa da shi. Ban taɓa sa baki a shawararsa ba sai ranar.

"Malam, da ka je."

"In je in ce me? In zauna gaban mutane ina yabon ɗan cikina?" Ya ja carbi. "Ranar da zan taho ƙasar nan, mahaifina gona ya tafi, bai raka ni tasha ba. Ban taɓa zaton ba ya sona ba."

"Kai ka gane, don duk garin haka ake yi. Shi a nan a gidan wa zai gani ya gane?"

Na tashi na shiga kicin ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Can sai na ji ƙarar makullin mota.

Na yafa mayafina na bi shi, muka tafi Mitchellville. Ya tsaya a tsallaken gidan, ya kashe mota, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Iyakata nan," in ji shi.

Na shiga ni kaɗai ta ƙofar mata. Yarinyar ce ta fara ganina. Na raɗa mata cewa Malam na waje, ta je ta raɗa wa yaron. Ya fito ba ko takalmi sosai a ƙafarsa, ya tsallaka titi. Malam ya sauke gilashi, idonsa na kan sitiyari.

"An gama?"

"Tukuna, Baba."

"To koma, kada ka bar mutane suna jira."

Bai koma ba. Ya zagaya ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerata. Ina tsaye a bakin titi da mayafina, iska na kaɗa ni, ina kallon ƙeyarsu ta gilashin baya. Ban ga bakin kowa ya motsa ba. Sun daɗe a haka, har Bazazzagen ya leƙo yana tambayar ko an sace ango.

Bayan biki aiki ya kai su wata jiha mai nisa. Ƙanwar ma ta tafi makaranta. Duk Lahadi yana bugo waya. Da farko ni yake kira, mu yi hira, a ƙarshe ya ce in miƙa wa Baba. Daga baya sai ya koma kiran wayar uban kai tsaye. Ina jin su daga kicin, suna maganar man mota, da dusar ƙanƙara, da rufin gidan da ke yoyo. Ba wata magana mai nauyi, amma sukan daɗe. Wani lokaci Malam har dariya yake.

In sun gama ya leƙo ya ce, "Yana gaishe ki."

In ce ina amsawa. Abin da na roƙa ke nan shekaru da yawa, kuma na gode wa Allah. Sai dai yanzu ba mai aikena ko'ina, gidan kuma ya yi mini girma.