Ustad Zarwali, Ba Ni Na Gyara Motar Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan sallar azahar, labari ya iso kasuwar 'yan mota ta Peshawar cewa Allah ya yi wa Ustad Zarwali Khan, mai gyaran wayarin, rasuwa. Ni Shamroz, da garejina ke kallon nasa shekara ashirin da biyu, na ga ya kamata in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Lala Zarwali, babban yaya, na yi maka hassada, kuma ka sani. Na kashe kuɗi na sayi kwamfutar binciken mota, kai kuwa tsohuwar mita ce kawai gare ka, an ɗaure ta da roba. Duk da haka, motar da ƙwaƙwalwar injinta ta daina magana da ta giya da ta birki, ƙofarka ake turo ta. Ina zaune ina kallo, shayi ya huce a hannuna.

Ka tuna motar Haji Dilawar, sarkin direbobi? Fitilun gargaɗi duk sun kama, ta ƙi tashi, kwamfutata kuma ta ce babu mai amsawa. Kwana uku ina fama, har na ce wa Haji ƙwaƙwalwar injin ta ƙone, sai an aiko da wata daga Karachi. Ya ce in gari ya waye ba ta tashi ba, zai sa a ja ta zuwa tsallaken titi a gaban kowa. Na san a ranar sunana zai mutu a kasuwa.

Da la'asar ka shigo wai aron filaya. Ka cire batir, ka ɗora mita a kan wayoyin nan biyu da aka tufke, waɗanda duk ƙwaƙwalen ke magana ta cikinsu. Ka ce sittin ya kamata ta nuna, ba ta nuna ba. Ka leƙa ƙarƙashin sitiyari, sai ga inda mai ƙawata mota ya fere ɗaya ya jona fitilun ado masu launi.

"Shamroz, babu wanda ya mutu a nan," ka ce a hankali. "Baƙo ne ya shiga tsakiyar zance. Cire shi, ka ce kai ka gani."

Na cire, mota ta tashi. Haji ya yi ta yabona a tashoshi, da wannan yabo na ci abinci shekara tara. Ban taɓa ce maka na gode ba. Ƙyashin ma ƙaruwa ya yi, don na ga ko a kirki ka fi ni. In an yabe ka a wurin shan shayi, sai in ce ai sa'a ce.

To, Haji Dilawar da duk direbobi, ku ji yau: ba ni na gyara motar ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa, da 'ya'yansa, da ƙaninsa Niaz Gul. Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Allah ya jiƙan Ustad Zarwali, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ni kuma ku saka ni a addu'a, Allah ya wanke mini zuciya, don ko a wurin jana'izarsa sai da na juya na ƙirga sahu. Goma sha bakwai ne.