Muryar Auta a Motar Awo

Mijin ƙanwata direba ne. Tun yana saurayi ake kiransa Sannu-Sannu, don ko akuya ce ta tsaya a titi sai ya jira ta gama tunani. Ya ja motar haya, fasinjoji suka ishe shi da tsaki. Ya ja motar burodi, masu shago suka ce kafin ya iso burodin ya tsufa. Sai da furfura ta fara fito masa ya sami aikin da ya dace da shi, a wani kamfani mai binciken layukan waya.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ga yadda ya kwatanta mini. A kujerar baya akwai akwati da wayoyi a jere, suna ta kiran wata na'ura da ke ofis. Mota tana bin gari lungu-lungu, wata injiniya tana zaune da kwamfuta a cinya tana duba inda magana ke fita tas da inda take yankewa. Gudu ɓata awon yake yi.

"Yaya," ya ce mini, "yau ga inda ake yabon mutum saboda nawa."

Ƙanwar tawa, Auta, ta rasu shekarun baya. Ba a ga hawayensa ba, kuma ya koma aiki da wuri, har mutane suka ce zuciyarsa dutse ce. 'Yarsu ɗaya, mai ɗinki, ta riƙe abin a ranta. Gaisuwa kawai ke haɗa su.

Wata safiya ƙafata ta kumbura, ina bakin titi ina jiran abin hawa zuwa asibiti, sai motar awo ta tsaya. Dokarsu ta hana ɗaukar kowa, amma Injiniya ta dubi ƙafar ta ce in shiga gaba. Na lura Sannu-Sannu bai so ba. Ya kai hannu zai kashe wata 'yar lasifika, bai kai ba ta yi magana.

"Ruwan ya tafasa, a sauke tukunyar."

Sandata ta faɗi. Tsikar jikina ta tashi. Na waiga baya, ba kowa sai Injiniya da wayoyi.

"Wa ya bar ƙofar nan a buɗe? Kwashe takalmanka daga hanya."

Auta ce. Har da ɗan jan numfashin nan da take yi kafin ta yi faɗa. Ni na sa ta a kabari da hannuna. Na yi ta salati a hankali.

Injiniya ta dafa kujerata. "Baba, yi haƙuri, na ɗauka ka sani."

Ta ce da za a fara binciken, an nemi muryoyin maza da mata masu magana da harshenmu, don da su wayoyin ke gwada layi. Ma'aikata suka kawo iyalansu. An ba Auta takarda ta karanta, ta ce ta manta tabarau, sai ta yi ta faɗin abin da ta saba faɗa a gida. Awon ba ya bukatar a ji muryar da kunne. Direba ne ya roƙa a bar lasifikar a kunne.

"Kullum?" na tambaye shi.

"Kullum, Yaya." Idonsa yana kan titi. "Ƙarƙashin gada takan haɗiye kalmar tukunyar. Bayan kasuwa kuma in'ina take yi, abin da ba ta taɓa yi ba da ranta. In mun hau tudu kusa da dogon ƙarfen sadarwar nan, sai ka rantse tana kujerar baya."

Ashe mutumin da aka ce bai yi kuka ba, da ita yake wuni.

Ban gama farfaɗowa ba Injiniya ta ce wannan makon ne na ƙarshe. Bincike ya ƙare, za a goge muryoyin duka.

"To, 'yata, ki zuba masa a wayarsa mana."

"Ba zai yiwu ba, Baba. Alkawari muka yi wa duk wanda ya ba mu murya. Yanzu ɓarayi kan ɗauki muryar mutum su sa ta faɗi abin da bai faɗa ba, su kira danginsa da ita. Kuma ƙanwarka ce ta fi kowa kafa sharaɗi. Cewa ta yi, in kun gama ku goge, ban yarda muryata ta kwana a wayar kowa ba, har da ta wannan."

"Ni ta nuna," in ji Sannu-Sannu. "Da leɓe."

Na tambaye shi ko 'yarsa ta sani. Ya girgiza kai. Ya ce tsoro yake ji, kada ta ji uwarta tana yankewa a bayan kasuwa. Na ce masa uwarta ce, ba shi kaɗai aka yi wa rashi ba. A haka muka isa asibiti.

Ranar ƙarshe sai ga shi a ƙofar shagon ɗinkin 'yarsa, ni ina gaba. Injiniya ta ce wanda ya ɗauki kawu ai ya ɗauki 'ya. Yarinyar ta fito da zare a gefen baki.

"Kawu, lafiya? Motar kunkurun nan zan shiga?"

"Shiga dai."

Bai kunna lasifikar ba sai da muka hau tudun, ya tsaya a gindin dogon ƙarfen.

"Ruwan ya tafasa, a sauke tukunyar."

Yarinyar ba ta yi ihu ba. Ta dafe ƙirji, ta dubi wayoyin, ta dubi ƙeyar ubanta. Can ta lalubo wayarta ta danna wurin ɗaukar murya. Injiniya ta buɗe baki, sai ta fasa, ta sunkuyar da kai.

Uban ne ya yi magana, bai waiga ba. Ya faɗa mata sharaɗin uwarta kamar yadda ta faɗe shi, har da nunin leɓen.

Wayar tana hannunta, ɗan jan haske yana ƙyaftawa. Sai Auta ta ce, "Wa ya bar ƙofar nan a buɗe?"

Yarinyar ta yi wata dariya da hawaye a cikinta. "Ni ce, Mama."

Ta tsayar da ɗaukar, ta goge abin da ya shiga, ta kife wayar a cinya. Ta matso ta ɗora goshinta a bayan kujerar ubanta.

"Baba, kai ni bayan kasuwar. Ina so in ji in'inar."

Ya tada mota. Muka gangara a hankali, masu babur suna ta yi mana hon.