Manajan da Ya Karkatar da Ƙofa

Shekarunsa sun haura sittin, kuma ga alama shi ne manajan wannan ma'ajiyar siminti, don kowa shi yake miƙa wa takarda. Gajere ne, tabarau ɗaya a hanci, wani a goshi. Yana tsaye ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya, riƙe da zanen sabuwar ƙofar manyan motoci. A zanen, ƙofar ta bi daidai inda bishiyar take, ga sheƙar tsuntsaye birjik a rassanta, ƙudan zuma na kai da kawo. Mai injin sare itace yana gefe yana jiran umarni.

"Baba, ko su ma za a ba su katin aiki ne?" in ji wani direba.

"Sun riga ka zuwa nan," ya amsa, bai ko ɗago ba.

Ina jin ya taɓa ganin an sare irin wannan bishiyar, bai manta ba.

Ya zaro biro, ya karkatar da ƙofar a zanen, ta ratsa rumfar motarsa. Kashin tsuntsu ya faɗo kan takardar. Ya goge da yatsa, ya sallami mai injin, ya fito da motarsa ya ajiye ta a rana.