Jujin Dada

Dada surukata ce, mahaifiyar maigidana Zailani. Sunanta na yanka ba zai fito daga bakina ba, kuma ko 'ya'yanta Dada suke ce mata. A wani ƙauye bayan Sabuwa aka haife ta, can aka yi mata aure, can ta haihu, ta binne waɗanda ta binne. Yanzu tana tare da mu a Ƙanƙara, a gidan haya, cikin ɗakin da a da nake jera kwanukana.

Ta iso mana ne bayan ta yi 'yan watanni a Faskari wurin ƙanwarta. Ƙunshi ɗaya ne a kanta. Na kwance don in adana mata kaya, sai na ga zannuwa biyu, carbi, wata tsohuwar ƙwarya da aka ɗinke tsagarta da zare, da ledoji wankakku an ninke su tsaf kamar kallabin Sallah. Na ce a raina, ikon Allah, mutum ya gudo wa 'yan bindiga amma ya tsaya ɗaukar leda.

Ni mace ce mai son tsakar gida fes. In na yi shara, in ƙulle a leda, a kai bolar bakin kwalbati, shi ke nan. Dada kuwa ba ta san wani abu wai shi shara ba. Ƙasarin da na wanke gero ta tare shi a bokiti ta ba akuyar maƙwabta. Ruwan ɗauraye kwanuka gindin zogale yake zuwa. Ƙanzo ta kankare ta shanya, ranar da babu cefane ta jiƙa shi da ƙuli da ɗan barkono, kuma wallahi yana ciyuwa. Gwangwanin tumatir ya zama ma'aunin gishiri. Tsummokaran da na ware zan ƙona ta yayyanka ta cusa a buhu, ga matashi. Leda kuma ta wanke, ta shanya, in ta huje ta murɗe ta igiya. Ba ta taɓa yi mini wa'azi a kan ko ɗaya ba. Hannunta ne kawai yake riga nawa zuwa.

Duk wannan na haƙura. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne jujin.

Tun makonta na farko ta zaɓi lungun da ke jikin katangar baya. Tokar murhu, ɓawon albasa, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, ganyen da ya zubo, kashin awakin da take sharowa daga ƙofar gida, duk can. Kullum bayan sallar asuba za ta kwashi toka a ƙwaryar nan tata ta je ta zuba, ta yayyafa ruwa, ta tsuguna tana tsince duk wata leda ko fasasshiyar roba da ta ɓuya a ciki.

Na ce, "Dada, wannan fa birni ne. Me za a yi da tarin datti a cikin gida?"

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Taki ne, ɗiyar nan. Na gona."

Wace gona? Ban tambaya ba, don na san amsar. A ƙauyensu kowane gida da jujinsa. Shekara guda ana tarawa, in bazara ta yi, kafin ruwan shuka, maigida ya ɗaura wa jaki mangala ya yi ta jigila zuwa gona. Matar da jujinta ya fi baƙi da laushi ita ake yabo, kuma an ce na Dada ba ya da na biyu a unguwarsu. Surukina Malam Mamuda yana cikin wannan jigilar ne aka tare shi. Jakin ya dawo gida shi kaɗai, mangalar babu komai, alamar ya riga ya juye takin. Da la'asar aka ɗauko shi, aka yi masa sutura, kafin mako ya zagayo ƙauyen ya watse. Dada ta taɓa ba ni labarin sau ɗaya tana tsinkar zogale, da muryar da take tambayata ko akwai sauran daddawa.

Bazarar farko maigidana ya ce mata hanya ba ta biyuwa, sai baɗi. Ta ce to. Bazara ta biyu ma haka, ta ce to. Jujin yana ta tashi har ya kai ƙugu. In faɗi gaskiya, ba ya wari, ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa yake yi, amma ni dai ganinsa ne ba na so. In ƙawayena sun zo sai in shanya zane a igiya in kare shi.

A bana ne mai gidan da muke haya, Alhaji Muslim, ya shigo duba rufi ya gan shi. Mutum ne mai kawaici. Ya gaishe da Dada har ƙasa, sannan ya ja maigidana waje ya nuna masa gindin katangar, ta jiƙe ta fara zubowa. Ya ce in damina ta same shi a nan, katangar za ta faɗa wa maƙwabta, kuma can yara suke kwana lokacin zafi. Kafin ruwan farko a kwashe.

Maigidana ya kasa gaya mata. Ya hau mota ya tafi Sabuwa ranar kasuwa, wai ko zai sami mai kai takin gonarsu, ko buhuna kaɗan ne. Ya dawo da yamma ya zauna bakin ƙofarta, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Dada, na tambaya. Ba mai shiga. Sun ce gonakin duk sun zama daji, sabara ta rufe har hanyar rijiya."

"Gawon gonarmu fa? Yana nan?"

"Ban sani ba, Dada. Ba wanda ya je."

Ta ce to. Ta ci gaba da murɗa igiyarta a cinya. Na tsaya da ludayi a hannu ina jiran kuka ko faɗa, ko ma tsaki, ban ji komai ba.

Akwai wani Rabo, mutumin Mabai, da yake kawo mana itace a amalanken shanu. Ya daɗe yana satar kallon jujin nan, don manomi ne, ya san abin da yake gani. Dada da kanta ta aika a kira shi. Ya zo da hantsi da shebur, ya tura hannu cikin takin ya damƙo, ya murza, ya sansana.

Ya ce, "Dada, wannan ai ya fi na buhu. Ko leda ɗaya babu."

"Leda kashe gona take. Ta kashe akuya."

Ya fara lodi. Ita kuma ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa, tana bin kowane shebur da ido. Ni ina bakin murhu, ina cewa a raina yau dai zan ga ƙasan lungun nan. Da amalanken ya kusa cika sai ta fara magana, a hankali, ba ta kallon kowa.

"In ka isa, kada ka juye wuri ɗaya. Tsibi-tsibi za ka yi. Ka faro daga yamma, wajen tsakuwar nan, can ne ƙasar ta gaji. Kada ka zuba ƙarƙashin gawo, shi yana ba da nashi. Kwarin da ke bayan gidan tururuwa kuma ka bar shi, ruwa na kwashewa, bara waccan duk wanda Malam ya zuba nan sai da..."

Rabo ya tsaya da shebur a sama. Ya dube ni, na dubi tukunya.

Ya ce, "Dada, ai gonar tawa babu gawo."

Ta dubi amalanken, ta dubi shanun, kamar yanzu ta fara ganinsu.

"Haka ne," ta ce. "To, ka zuba inda ka ga dama."

Sawu biyu ya yi. Ya yi ta godiya, ya ce in Allah Ya kai mu kaka zai kawo mata dawa daga cikin abin da takin ya yi. Ta ce Allah Ya ba da damina mai albarka. Na share lungun tas, na yayyafa ruwa. Wurin ya yi faɗi, har ana iya shimfiɗa tabarma.

Washegari bayan asuba na ji motsinta a bakin murhu, tana kwasar toka kamar kullum. Na leƙo. Ta miƙe da ƙwaryar ta nufi lungun, ta yi taku kaɗan ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo ta shiga ɗakinta, ta fito da leda ɗaya daga cikin wankakkun nan da ta zo da su daga ƙauye. Ta juye tokar a ciki, ta haɗa da ɓawon albasar jiya, ta ƙulle bakin, ta miƙo mini.

"Hamida, in za a kai bola, a tafi da wannan."

Abin da na daɗe ina so ke nan. Na karɓa, ban ji daɗi ba, ban ji komai ba, sai ɗumin tokar a tafin hannuna. Ta koma ɗaki ta kife ƙwaryar a bayan ƙofa, kuma har yau a kife take.