Murar Da Na Ɗora Wa Mai Nono

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da aka zura mini auduga a hanci a wani asibiti a Tudun Wada.

Yayata ta haihu, aka tura ni in taya ta zaman jego. Kwana ashirin, jaririn ya fara tari, ƙirjinsa na lotsawa in ya ja numfashi. Ni kuwa na riga na yanke hukunci. Wata dattijuwa Bafulatana da ke kawo mana nono ta zo barka tana tari, ta ɗauke shi. A tsakar gida, gaban mata, na ce mata, "Inna, ke kika kawo mana wannan masifar."

Aka kwantar da shi a asibiti, aka sa masa robar iska. Washegari sai ga Inna da ƙwaryar fura ta zo dubiya. Na ce wa nas, "Ga ta nan, a gwada ta!"

Nas ta dube ni. "Ke da kike jan hanci fa?"

"Wannan? Sanyi ne kawai."

"To, Hajiya likita, zauna."

Ta nuna mana wani ɗan kati kamar layin waya, da hanyoyi a ciki siraran da ba su kai gashi ba. Ta ce mura ba iri ɗaya ba ce, ƙwayoyin cutar daban-daban ne, katin nan yake rarrabe su. Ta shafo hancinmu da auduga, har da na yaron, ta ɗiga wa kowa a katinsa, ta sa a na'ura. Ina ta tsaki don na ƙosa.

Kafin a kira azahar nas ta dawo. "Ta Inna daban ce. Taki ce irin ta yaron. Ga babba ba komai ba ce, jariri kuwa tana iya kai shi kabari."

Innalillahi! Na tuna gefen hijabin da nake share hanci da shi, da shi nake goge masa baki.

Yayata ta kasa kallona. Inna ce ta riƙo hannuna ta ce, "Sha fura, 'yar nan, tun safe ba ki ci komai ba."

Ya yi kwana shida ya warke. Har yau bakina da sauri, amma ban ƙara ɗora wa wani laifi ba sai na fara duba hijabina.