Anti Rifkatu da Wata Mai Kasuwa Biyar

Labarin rasuwar Anti Rifkatu, mai kamfaninmu, ya same ni a Manchok ranar Talata, da ƙarfe tara da minti ashirin na safe. Na riƙe lokacin ne domin wayar Malam Bitrus, sakataren ƙungiyar manoman citta, tana hannuna ina sabunta masa manhajarmu ta lissafi, sai tawa ta yi ƙara. Yohanna ne, abokin aikina. Ya ce ta faɗi a gida tana shirin fitowa ofis, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Malam Bitrus ya cire hularsa. Bayan ya yi mini gaisuwa sai ya sassauta murya, kamar mai jin nauyin tambayarsa. "'Yata, rabon ribarmu saura mako uku. Mu sittin da huɗu ne. Wa zai zo ya karanta mana?" Kamfaninmu mutum uku ne kacal, kuma ba sunan kamfani mutane suka amince da shi ba. Ita suka sani. Idan rabon nan ya rikice, ƙungiyoyi za su ajiye manhajar ɗaya bayan ɗaya, aikin da ta gina ya bi ta.

Shekara goma sha tara ta yi tana riƙe da kuɗin wata makarantar mishan. A nan ta ga yadda ƙungiyoyin ƙauye suke watsewa saboda littafi ya jiƙe, ko sakatare ya kasa karanta rubutun hannunsa. Da ta yi ritaya, ta kama shago ɗaya a Kafanchan da kuɗin sallamarta, ta koyi rubuta manhaja da tsohuwar kwamfutar ɗanta. Abin da ta ƙera ba shi da ado. Yana aiki ko babu sabis, da Hausa yake magana, kuma kuɗinsa na wata bai fi ƙarfin mai sayar da tumatir ba.

Wata goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinta, bayan na gama bautar ƙasa. Ranar da na je neman aiki, takardar shaidata ba ta yi minti ɗaya a hannunta ba. Wani tsohon littafin ƙungiya ta miƙo mini, duk tabon manja, ta ce in nemo abin da ya ɓaci. Bayan awa biyu na ce na ga kuskure uku, akwai kuma wuri ɗaya da ban tabbata ba. Ta ce, "Wurin da ba ki tabbata ba ɗin nan shi ya ba ki aiki. Ki zo ran Litinin."

Tana da ƙa'idar da ba ta sassauta wa kowa. Duk ranar rabo, sai ta je da kanta ta tsaya a gaban jama'a, ta karanta sunan kowa da abin da ya zuba, sakatare yana bin littafinsa na takarda da yatsa. Yohanna yakan yi ƙorafin kuɗin mai, ya ce, "Anti, to mene ne amfanin na'ura in sai mun hau mashin?" Takan amsa masa, "Idan mai kuɗin bai gane lissafin ba, ba a gama lissafi ba."

A watana na biyar na yi kuskuren da har yau yake tsaya mini a rai. Akwai ƙungiyar matan Fulani masu sayar da nono a wajen Fadan Kaje, suna zubi duk ranar kasuwa, sau ɗaya a mako. Ni na tsara musu shafinsu, na kuma ɗauka kowane wata mako huɗu ne. Amma akwai watan da kasuwa take ci sau biyar. A irin wannan wata manhajar ta shanye zubi na biyar, ba ta nuna shi a jimla ba. Ranar Juma'a na gano. Zan iya gyarawa daga kujerata ba wanda ya sani, kuma na yi tunanin yin hakan, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu abinci bai shiga cikina ba. Ran Litinin na faɗa mata.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Gyara shi yanzu, ina kallo." Da na gama ta ɗauki jakarta. "Tashi mu je. Na'ura ba ta jin kunya, mu ne za mu ji."

A rugarsu muka tarar da shugabar ƙungiyar, Goggo Hajjo, tana wanke ƙwarya. Anti ta gaishe ta, ta tambayi shanu da yara, sannan ta koma gefe ta zauna ta bar ni tsaye. Na yi bayani tiryan-tiryan, har da ranar da abin ya faru. Goggo ta saurare ni har ƙarshe, ta shiga bukka ta fito da gwangwanin madara cike da ƙwayar masara. Duk zubi ɗaya, ƙwaya ɗaya take jefawa.

"Ashe ke ce kika cinye mana kasuwa guda, 'yar boko," in ji ta. "Ga ki siririya, ina kika kai ta?" Matan suka fashe da dariya. Sai ta juya ga Anti. "Rifkatu, tun wancan wata muka gani. Shiru muka yi mu ga ko za ku zo da bakinku."

Kafin damina ta ƙare Goggo ta kawo mana ƙungiyoyi biyu daga rugagen 'yan'uwanta. A hanyar komawa ranar, Anti ba ta sake tayar da maganar ba. Ta tsayar da mu a Madakiya ta saya mini gasasshiyar masara, ta ce in ci kafin in faɗi mata a kan hanya.

An yi jana'izarta ran Asabar. Matan zumunta sun cika majami'a, su Goggo kuma suka zauna a ƙarƙashin mangwaro a waje har aka tashi. Kwana uku bayan haka mijinta, Baba Ishaku, ya kira ni da Yohanna ya ajiye mana makullin shagon. Ya ce, "Ni ban san komai a kwamfuta ba. Ku buɗe, haya ta wannan shekara an biya."

Ranar rabo muka je Manchok. Na tsaya na fara kiran sunaye. A suna na talatin da ɗaya littafi da waya suka saɓa da naira dubu biyu, wurin ya kaure da surutu. Na ce ba zan wuce sunan ba sai mun gane. Minti goma sha biyu muka yi kafin muka ga an rubuta zubi ɗaya sau biyu a littafin. Mai sunan da kansa ya miƙe ya ce gaskiya ne, sau ɗaya ya biya. Muka kai har suna na ƙarshe, kowa ya karɓi rabonsa. Wani dattijo ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Kina karatu da sauri, yarinya. Baɗi ki rage gudu, kunnuwanmu sun tsufa."

Ubangiji ya yi wa baiwarsa Rifkatu jinƙai, ya gafarta mata kurakuranta, ya ba ta hutawa a wurinsa. Ya ta'azantar da Baba Ishaku da 'ya'yansu da jikoki, ya zama musu uwa a gidan da ta bari. Mu kuma da aikin ya rage a hannunmu, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya a gaban masu haƙƙi. Amin.